Ranar da Fentin Titi Ya Shiga Gidan Tarihi

"Mama, dama Kawu ɓarawo ne?"

Muryar yarinyar ta daki silin ta dawo, don ɗakin irin wanda ko tari ka yi sai kowa ya waiwayo ne. Wani dattijo mai tabarau da ke karanta bayani a jikin bango ya juyo. Mai gadin ƙofa ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Maman Lauya ta damƙi hannun 'yarta. "Wane irin ɓarawo kuma? Rage muryarki."

"To ga shi nan ya rufe fuska da ƙyalle yana haura katanga. Ke kika ce duk wanda ya haura katanga ba mutumin kirki ba ne."

"Ba ɗauka ya je yi ba. Ajiyewa ya je yi."

"Me ya ajiye?"

"Fenti."

"A katangar wa?"

Ba banza kawun yarinyar ya raɗa mata Lauya ba. Ba ta cika shekara bakwai ba, amma in ta kama tambaya sai ta ga ƙarshenta, kamar mai warware zare.

Hoton da suke tsaye gabansa ya fi ƙofa tsawo. Auta ne a ciki, ƙanin Maman Lauya, autan ɗakinsu, tun yana siriri kamar tsinke, jaka a baya, ƙafa ɗaya a kan katanga. Ta gane rigar da ke jikinsa. Ita ta sha wanke ta har yatsunta suka yi zafi, fentin bai taɓa fita ba. Shekarun da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, ita ce ta zame wa Auta uwa. Ita ke zuwa ofishin 'yan sanda ta tsaya tana ba da haƙuri. Ita ke bin masu shaguna da bokiti da buroshi, tana sa shi ya goge abin da ya rubuta musu a ƙofa. Yau ga katangar da ƙyallen an sa su a firam, an haska musu fitila, mutane sun saka hannu a baya suna kallo suna gyaɗa kai. Gidan tarihin ya ware hawa guda sukutum don baje kolin zanen bango, wanda masu yin sa ke kira girafiti, kuma Auta yana cikin waɗanda aka gayyata. Duniya juyi-juyi.

"Yaya! Ashe kun iso."

Ga shi nan tafe, riga fes an ɓalle maɓallai har wuya, kati rataye a ƙirji. Sai dai farcensa ya tona shi, shuɗin da ke ƙarƙashinsu ko sabulun duniya ba zai fitar ba. Ya durƙusa gaban yarinyar.

"Lauya, shari'ar wa ake yi yau?"

"Taka."

"Na shiga uku. A bar ni in nuna wa kotu kayan shaida tukuna."

Ya ja su zuwa ɗaki na gaba, inda wani kiɗa mai nauyi ke fita a hankali daga lasifikar da ba a gani. Cikin akwatin gilashi akwai na'urorin juya faifai guda biyu, gefensu ya koɗe saboda hannu. Ga rakoda mai girman akwatin tafiya. Ga makirfo da aka naɗe da salatif. A jikin bango hotunan taragun jirgin ƙasa ne, an cika su da haruffa masu kumbura kamar balan-balan, wasu kuma sun sarƙe da juna har ba ka iya karantawa. A tsakiyar ɗakin an shimfiɗa wani tsohon kwali an kewaye shi da igiya.

"Kwali ma tarihi ne?" in ji Lauya. "Mama, ga namu na firji kin zubar."

"Wannan ba don kwalin ba ne, don abin da aka yi a kansa ne," in ji Auta. "Kin ga abin nan da ake kira hip-hop? 'Yan uwa huɗu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbansu yana juya faifai. Mai bi masa yana zuba baiti a kan kiɗan, gambarar zamani ke nan. Na ukun yana rawa a kan kwali irin wannan, har ya kafa kai a ƙasa ya juya kamar katantanwa. Autansu kuma shi ne mai fenti."

"Kamar kai."

"Kamar ni. Auta a gida, auta a waje."

"Su wa suka haife su?"

Auta ya dubi kwalin. "Unguwar da aka manta da ita, a wani birni mai nisa. Samari ne da ba wanda ya ba su ɗaki, sai suka ɗauki titi. Ba wanda ya tambaye su sunansu, sai suka rubuta shi da girma inda ba mai iya kawar da kai."

Maman Lauya ta dube shi ta gefen ido. Ba ta taɓa jin ya yi magana haka ba. A gida in ka tambaye shi me ya sa yake ɓata bangon mutane, kafaɗa kawai yake ɗagawa. Wani abu ya yi mata daɗi a ƙirji, amma ba ta bari ya fito fuska ba. Ta gyara zaman jakarta a kafaɗa.

Jakar nan ita ce rabin hankalinta. A ciki akwai gorar ruwa, da tawul, da tsohuwar rigar da za a ɗora wa yarinyar, sannan a aljihun gaba, inda hannu zai kai ba sai an duba ba, akwai inhela, maganin shaƙa na masu asma. Lauya tana da asma tun tana goye. Hayaƙin gawayi, turaren feshi, maganin sauro, duk an yi sallama da su a gidan. Uwar ta san tarin 'yarta kamar yadda mai shago ya san ƙarar ƙofarsa: ta san na mura, ta san na neman a kula ta, ta kuma san ɗan busasshen nan da ke zuwa kafin ƙirji ya fara fito.

Shi ya sa da Auta ya zo da maganar cewa gidan tarihin zai bar yara su yi feshi da hannunsu ranar buɗewa, ta ce a'a tun bai rufe baki ba. Lauya ta yi kuka, ta yi magiya, ta cika bayan kwalayen gidan da harafin L tana gwaji. Uwar ba ta sauko ba sai da ta kira matar da ke kula da baje kolin, wadda kowa ke ce wa Madam. Madam ta yi mata bayani a nutse cewa sun sayo gwangwanayen fentin ruwa, irin wanda aka yi don cikin ɗaki, ba ya tashin wari. Auta ma ya dafa ƙirji ya ce, "Yaya, ni zan cuci Lauya?" Baban yarinyar, da zai fita aiki da safe, ya ce, "Ku je, amma idonki a kanta." Sai ka ce akwai ranar da idonta ba ya kanta.

Ɗakin feshin yana ƙasa, sai an sauka matakala. Maman Lauya na shiga ta yi abin da take yi a ko'ina: ta nemi taga. Akwai tagogi can sama, amma an liƙe su an rufe da baƙin labule. Haka duk gidan yake, don kada ƙura da rana su ci kayan da aka ajiye. Esi ne kaɗai ke hura sanyi. An jingine manyan falankai farare a bango, an shimfiɗa leda a ƙasa. Yara sun kai cikin aji guda, kowa da rigar leda, iyaye kuma sun jeru a benci ta baya. A kusurwa wani abokin Auta mai faffaɗar hula, da suke kira Mai Faifai, ya kafa kayansa yana murza faifai da yatsa, kiɗan na gaba yana baya. Masu ɗaukar hoto sun tsaya da kyamarori.

Madam ta fito, doguwar mace mai furfura kaɗan a goshi, ta yi wa yaran magana ba tare da ta maida su jarirai ba. Ta ce kawun nan zai fara zana ƙashin haruffa a babban falanki, su kuma su zo ɗaya bayan ɗaya su cika ciki da launi. Ta nuna katan ɗin gwangwanaye da ke gefe. Daga nan wani ma'aikaci ya raɗa mata wani abu, ta bi shi bakin ƙofa don tarbar baƙi.

Auta ya naɗe hannun riga. Ya girgiza gwangwani, ƙarar ƙwallon da ke ciki ta cika ɗakin, yaran suka yi tsit. Ya ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, baƙi wuluk, ba rawa ba ɗiga. Ya ja na biyu ya lanƙwasa shi. Hannunsa na tafiya da kiɗan, kafaɗarsa na bi. Maman Lauya ta sha wanke sakamakon aikin nan, amma ba ta taɓa ganin ana yin sa ba. Ashe haka yake da kyau. Ta tsinci kanta tana murmushi.

Sai warin ya iso.

Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba. Warin nan ya zauna a ɗakinsu na da, a cikin kwandon wanki, a jikin matashin Auta. Kaifi ne da shi, yana shiga hanci ya sauka maƙogwaro ya tsaya. Ta dubi katan ɗin Madam: gwangwanayen na jere, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ta dubi ƙafar Auta: tsohuwar jakarsa ce a buɗe, daga cikinta yake zaro nasa.

A layin gaba, Lauya ta yi tari. Ɗan busasshen nan.

Maman Lauya ta miƙe, ta bi ta gefen bango ba gaggawa, don kada ta tada hankalin yara. Ta tsaya kusa da ƙanin nata daidai lokacin da ya sunkuya canza gwangwani.

"Auta, wane fenti ne wannan?"

Bai ɗago ba. "Yaya, ki zauna, ana ɗaukar hoto."

"Na ce wane fenti ne."

Ya saukar da murya. "Layin gefen haruffan kawai zan yi da nawa. Nasu na gwada shi, ruwa ne tsululu, yana zuba kamar hawaye, baƙinsa ma toka-toka ne. Ki dubi mutanen da suka zo. In yi aikin da za a ce ɗan koyo ne ya yi? Yaran za su yi da nasu, na rantse."

"Ba ka jin warin?"

Ya shaƙi iska da gaskiyarsa, ya dube ta. "Wane wari?"

Nan ta gane ba ƙarya yake yi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana feshi a ƙarƙashin gada da bayan kasuwa, iska na kwashe masa komai, hancinsa ya daɗe da daina kai masa rahoto. Bai taɓa aiki inda sama take da murfi ba. A lissafinsa, fenti in ya bar gwangwani ya hau bango, magana ta ƙare.

"Ɗakin nan a rufe yake ruf," ta ce. "Abin da ka fesa yana nan tare da mu, ba inda za shi. Ka tsaya haka, a fita da falankin waje."

Fuskarsa ta canza. "Waje? Yaya, shekara nawa ana kora ta daga jikin bango kamar kare? Yau an buɗe mini ƙofar gaba an ce bismillah, ke kuma ki ce in koma waje? Saura kaɗan in gama. Ki ba ni ɗan lokaci."

"Ƙirjinta ba ya ba da lokaci."

Lauya ta sake yin tari, sau biyu a jere, ta ɗaga kafaɗu sama kamar mai jin sanyi. Uwar ta juya wa Auta baya. Ta ratsa cikin yaran ta kama hannun 'yarta.

"Tashi mu fita."

"Ban yi harafina ba!"

"Na sani. Tashi."

"Kin yi alkawari! Mama, kin ce..." Tari ya katse mata shari'ar. Uwar ta sunkuce ta ta saɓa a kafaɗa, rigar ledar na ƙara, ƙafafun na dukan cinyarta.

A bakin ƙofa ta ci karo da Madam tana shigowa da baƙi. Maman Lauya ta tsaya. Za ta iya wucewa ta ce yarinya ce ba ta jin daɗi, ba wanda zai zarge ta, Auta kuma ya gama aikinsa a tafa masa. Ta waiwaya. Ga yaran mutane zaune sun buɗe baki suna kallon hannun ƙaninta. Wata 'yar ƙarama mai kitso biyu tana murza ido. Ba ta san ƙirjin kowannensu ba, kuma iyayen da ke benci sun ɗauka warin na cikin tsarin.

"Madam," ta ce, "a fitar da yaran nan. Fentin da ake fesawa ba naku ba ne, na titi ne."

Madam ta shaƙa sau ɗaya, ta dubi katan ɗin, ta dubi Auta. Shi ma ya juyo, gwangwani a hannu, ya ga wadda ta faɗa. Maman Lauya ba ta tsaya karɓar kallon ba. Ta hau matakala.

Mai gadi ya nuna mata wata ƙofar baya. Ta fito wata haraba inda motoci ke sauke kaya, ga tulin katakon da aka kwance akwatuna, ga wata bishiya mai inuwa da benci na siminti a ƙarƙashinta. Ta zaunar da Lauya a miƙe, ta cire mata rigar leda, ta sassauta wuyan riga. Ƙirjin ya fara ɗan fito, siriri kamar usur daga nesa. Ta girgiza inhela.

"Fitar da numfashi. Yawwa. Kama da baki. Ja a hankali. Riƙe. Riƙe, 'yar albarka. Saki."

Ta ɗora tafin hannu a bayan yarinyar tana jin yadda haƙarƙarin ke buɗewa da rufewa. Ta jira, ta sake ba ta. Iska na kaɗa ganye. Can ƙasa kiɗan ya tsaya. A hankali kafaɗun Lauya suka sauko, fiton ya yi ƙasa ya ɓace. Uwar ta ba ta ruwa, ta goge mata goshi.

Da numfashi ya dawo, sai kuka ya samu hanya.

"Kowa zai yi, ni ban yi ba."

"Ba wanda zai yi a ɗakin nan yau."

"Ke kika ɓata."

"Ni ce," in ji uwar. "Sha ruwa."

Ba a jima ba ƙofar bayan ta buɗe, yara suka fito a layi da iyayensu, wasu na gunaguni, wasu na tambayar ko an fasa. Wata mata ta zo ta tsaya kan Maman Lauya ta ce, "Ni dai tun ɗazu kaina ke sarawa, na ɗauka yunwa ce. Ya jikin nata?" Maman Lauya ta ce da sauƙi. Ta ci gaba da kallon ƙofar. Ta san halin Auta: in ransa ya ɓaci ba ya faɗa, jaka yake ɗauka ya ɓace, sai ka ji labarinsa a bakin mutane. Ta shirya wa hakan. Ta riga ta fara tunanin abin da za ta ce wa mahaifiyarsu in ta tambayi yadda buɗewar ta kasance.

Sai ga gefen wani farin falanki ya leƙo ta ƙofar, ya maƙale, ya koma, ya sake fitowa a karkace.

"Ɗaga ta wajenka, Mai Faifai! Kai, hannun nan naka faifai kawai ya iya?"

"Ni na ce ka kawo fentin da zai kore mu? Tura, malam!"

Auta da Mai Faifai suka fito da shi suna haki, sabon falanki ne da ba a taɓa ba, suka jingine shi a katangar haraba. Bayansu Madam ce da kanta, rungume da katan ɗin gwangwanayen ruwa, takunkuman fuska na yara a sama. Ta dire shi, ta karkaɗe hannu, ta zo wajen benci ta durƙusa daidai tsawon Lauya.

"Ya ƙirjin?"

"Ya daina kuka," in ji Lauya.

"Madalla." Ta ɗago ta dubi uwar. "Na gode da kika faɗa. Da kin wuce shiru, da ban san inda za mu kwana ba." Ta miƙe ta juya wajen Auta, muryarta ba ta tashi ba. "An rufe ɗakin can sai ya sha iska. Abin da ka fara yana ciki, ba za a nuna shi yau ba. Ni da kai muna da magana, amma ba a gaban yara ba. Yanzu ga su nan suna jira."

Auta ya ce, "To, Madam." Bai dubi yayarsa ba. Ya cire katin da ke wuyansa ya sa a aljihu, ya tsinki ganye ɗaya ya sake shi, ya ga inda iska ta kai shi. Wannan kam ya sani, aikin waje ne. Ya jera yaran ta inda iska ke fitowa, yadda feshin zai yi gaba ya bar su. Masu hoto rabinsu sun tafi. Mai Faifai, da ba wutar da zai kafa kayansa, ya kifa wani akwatin katako ya zauna a kai yana buga shi da tafin hannu, yana yin sauran kiɗan da baki. Yaran suka fashe da dariya, wani yaro ya gwada kafa kai a ƙasa, uwarsa ta finciko shi.

Auta ya zana ƙashin haruffan da fentin ruwa. Gaskiyarsa, baƙin bai kai nasa ba, kuma layin farko ya ɗiga. Ya ja tsaki, ya matsa baya kaɗan, ya sauƙaƙa yatsa, na biyu ya zauna. Ya zaro takunkumi ɗaya daga katan, ya tako har gaban benci. Yayarsa ya miƙa wa, ba yarinyar ba.

"Za ta iya?"

Maman Lauya ta kara kunne a bayan 'yarta ta saurara. Shiru, sai iska mai shiga da fita. Ta karɓi gwangwani ɗaya ta karanta jikinsa, ta fesa kaɗan a kan katako ta sunsuna. Sannan ta ɗaura wa yarinyar takunkumin, ta matse shi a karan hanci.

"Harafi ɗaya. Ina tsaye a bayanki. In na ce ya isa, ya isa."

Gwangwanin ya yi wa hannun Lauya girma, sai da ta haɗa yatsu biyu ta danna. Ja ta zaɓa. Ta matsa kusa da falankin da yawa, fentin ya taru ya gangaro.

"Kawu, yana zuba!"

"Bar shi ya zuba. Ja baya taku ɗaya. Kar ki tsaya wuri guda, hannu ya yi ta tafiya. Yawwa. Ƙasa. Yanzu dama."

L ɗin ta fito a karkace, ƙafarta ta fi jikinta tsawo, jan hawaye biyu na sauka daga gindinta. Lauya ta ja baya ta riƙe ƙugu tana dubawa, kamar yadda ta ga manya na yi a sama.

"Ya isa," in ji uwar.

"Saura ado."

"Ya isa."

Lauya ta miƙa gwangwanin ga 'yar mai kitso biyu ba gardama, abin da ya nuna wa uwar cewa ta gaji. Suka koma benci suka zauna kallon sauran. Falankin ya cika da launi, wani kan wani, ba tsari, yara na ihu. Auta na bin su ɗaya ɗaya yana gyara musu riƙo.

Da za su tafi ya rako su bakin titi, hannu a aljihu. Lauya ta yi lamo a kafaɗar uwarta.

"Da kin bari na faɗa mata da kaina," ya ce.

"Da ka faɗa?"

Ya kai hannu ya taɓa bayan yarinyar, ya bar shi nan yana jin numfashinta, sai ka ce yau ya fara sanin ana yi.

"Wallahi ban ji warin ba, Yaya."

"Na sani."

"Wataƙila ba za su sake kira na ba."

"Wataƙila," ta ce. Ba ta iya yi masa ƙarya ba, ba ta kuma ce ta yi nadama ba, don ba ta yi ba. "Ka zo gida gobe ka ci abinci. Ka bar jakar nan a waje."

Ya tsayar musu da mota, ya buɗe ƙofa, ya kare kan Lauya da hannu kada ya bugu. Motar ta tashi yana tsaye, sannan ya juya ya koma ciki wajen maganar da ke jiransa.

Ke mai karatu, in kina da ɗa ko 'ya, musamman mai ciwon ƙirji, kuma aka gayyace ku inda za a fesa fenti, ki je, abin kallo ne kuma yara na son sa. Amma kada ki jingina da alkawarin kowa, ko da wanda kuka sha nono ɗaya ne. Kina shiga ki nemi taga, in a liƙe take ki zauna kusa da ƙofa. Ki karɓi gwangwanin da ake aiki da shi ki duba da idonki, ba wanda aka jera a katan ba. Maganin yaron ya kasance inda hannunki zai kai. Kada ki tambayi mai fenti ko akwai wari, hancinsa ya daɗe da sabawa. Naki za ki bi. In ya ce miki ku tashi, ki ɗauki ɗanki ku fita, ki kuma faɗa wa sauran iyaye kafin ki wuce, ko ran wa zai ɓaci.